DUNIYA MAKARANTA: Wa Zai Biya Malamin Sanskirit?

A ran 2 ga watan Janairu na 2017, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli ta ƙasar Indiya suka zauna a birnin Delhi, suka yanke hukunci a kan wata ƙara wadda tushenta ya faro tun cikin 1989. Masu ƙarar malaman makaranta ne daga Jihar Bihar, waɗanda ke aiki a makarantun wani tsohon harshe da ake kira Sanskirit. Bukatarsu guda ɗaya ce, watau a tabbatar musu da cewa su ma'aikatan Gwamnati ne, albashinsu da fanshonsu suna wuyan baitulmalin Jiha. Kotu ta ce ba haka ba ne.

Tsakanin ranar da Gwamnatin Bihar ta ce ta karɓe su da ranar da Kotun Ƙoli ta sallame su, shekara 27 ce cur. Malamin da ya ji albishir yana ɗan shekara talatin da uku ya ji hukunci yana da sittin, furfura ta rufe kai. Wannan labari ya cancanci a tsaya a kansa, domin kuwa tambayar da ke cikinsa ta shafi duk ƙasar da ke da tsohon ilmi na gado tare da sabuwar gwamnati mai kasafin kuɗi: in jama'a suka gina makaranta, Gwamnati kuma ta sa mata hannu ta amince da ita, to, wa ke da alhakin cikin malamin da ke koyar da ƙananan yara a ciki?

HARSHEN DA BA A SHA A NONO

Sanskirit shi ne harshen ilmi na Indiya ta dā. A cikinsa aka tsara littattafan addinin Hindu da ake kira Veda, da manyan waƙoƙin tarihi guda biyu, Mahabharata da Ramayana, da kuma littattafan shari'a, da na magani, da na hisabi da taurari. Wani malami mai suna Panini ya tsara nahawunsa cikin ƙa'idodi kusan 4,000 tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, har yau kuwa masana harsuna na duniya suna jinjina wa wannan aiki. Harsunan Hindi da Bengali da Marathi da Gujarati duk danginsa ne, daga rumbunsa kuma suke ɗibar manyan kalmomi. A 1786 wani alƙali Bature a Kalkata, William Jones, ya bayyana wa taron masana cewa Sanskirit da Girkanci da Latin tushensu ɗaya.

Ta fuskar girmamawa, babu abin da Gwamnatin Indiya ta rage wa wannan harshe. Yana cikin harsuna 14 da tsarin mulki na 1950 ya lissafa, yana kuma nan cikin 22 na jerin da aka faɗaɗa. Sashe na 351 ya ce in harshen Hindi yana neman sababbin kalmomi, ya fara duba Sanskirit. Taken da ke rubuce ƙarƙashin tambarin ƙasar da Sanskirit yake. Gidan rediyon ƙasa ya fara karanta labarai da shi a 1974. A 2005 aka sa shi cikin harsunan alfarma na ƙasa, a 2010 Jihar Uttarakhand ta mai da shi harshen hukuma na biyu, Jihar Himachal Pradesh ta bi sawu a 2019.

Amma ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna cewa cikin mutum fiye da miliyan 1,200, mutum 24,821 ne kaɗai suka ce Sanskirit ne harshensu na gida. Ma'anar wannan a fili take. Yaro ba ya shan wannan harshe a nono, ba ya tsintarsa a kasuwa ko a dandali. Wurin zamansa aji, mai riƙe da ransa kuwa malami. Duk ranar da malami ya rufe littafi ya tafi neman abin da iyalinsa za su ci, harshen ya koma ɗakin ajiyar kayan tarihi, komai yawan kirarin da ake yi masa a majalisa. Saboda haka maganar albashin malamin Sanskirit ita ce maganar rayuwar Sanskirit ɗin kansa.

DAGA FADAR SARKI ZUWA OFISHIN ILMI

A zamanin dā babu wannan rigima, domin babu albashi. Malami, wanda suke kira pandit, yakan tara almajirai a gidansa, su kwana nan su tashi nan, ba a karɓar ko kwabo daga gare su. A ƙasar Bengal ana kiran irin wannan makaranta tol, a wasu wurare pathshala. Sarakuna da manyan masu ƙasa su ne ke ciyar da malamin, su ba shi gona, su yi masa alheri ranakun bukukuwa. Mai karatu da ya san makarantar zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wani Bature mai suna William Adam, wanda ya zagaya Bengal da Bihar tsakanin 1835 da 1838 yana binciken makarantun gargajiya, ya tarar da tsarin yana tafiya a kan wannan hanya.

Turawan Ingila su ne suka fara shigo da kuɗin hukuma cikin lamarin. A 1791 Razdan na Banaras, Jonathan Duncan, ya kafa Kwalejin Sanskirit a birnin, kimanin shekara goma bayan Gwamna Warren Hastings ya kafa Madarasa a Kalkata. Nufinsu su sami masana shari'ar Hindu da ta Musulunci waɗanda za su taimaki alƙalan Turawa. A 1813 Majalisar Ingila ta ware rupi 100,000 kowace shekara domin ilmi a Indiya, a 1824 kuma aka buɗe wata Kwalejin Sanskirit a Kalkata. Sai dai a 1835 iska ta juya. Thomas Macaulay ya rubuta shahararriyar takardarsa yana cewa kuɗin hukuma su tafi ga ilmin Ingilishi, Gwamna-Janar William Bentinck kuma ya amince. Tun daga nan hanyar samun aikin ofis ta rabu da hanyar pandit.

A 1854 wata takarda ta zo daga Landan ɗauke da sa hannun Charles Wood, ita ce ta kafa tsarin gudummawa. Ga yadda yake: jama'a ko wata ƙungiya su gina makaranta, su naɗa kwamitin gudanarwa, su ɗauki malamai; Gwamnati kuma ta aiko masu duba makarantu, in ta gamsu ta ba da gudummawar kuɗi. Wannan tsari ne Turawa suka bi da makarantun mishan a Nijeriya, har zuwa shekarun 1970 lokacin da Jihohi da dama suka karɓe makarantun, don haka dattawan malamai na ƙasar nan sun san daɗinsa sun san ɗacinsa. Daɗinsa, makarantu su yawaita ba tare da baitulmali ya ɗauki dukkan nauyi ba. Ɗacinsa kuwa, malami ya zama mai iyayengiji biyu, kowannensu yana nuna ɗan'uwansa in wata ya ƙare.

Bayan samun mulkin kai a 1947 aka haɗe ƙasashen sarakuna cikin tarayya. A 1950 Jihohin Bihar da Uttar Pradesh suka zartas da dokokin karɓe filaye daga hannun manyan masu ƙasa, a 1971 kuma aka soke kuɗin da ake ba tsofaffin sarakuna. Talakawa manoma sun amfana da dokokin filaye, babu musu. Amma waɗannan gidaje su ne rijiyar da pandit ke sha. Wasu sun bar abin tunawa, alal misali Sarkin Darbhanga, Kameshwar Singh, wanda ya ba da fadarsa aka kafa Jami'ar Sanskirit mai ɗauke da sunansa a 1961. Galibin ƙananan makarantu kuwa sai suka wayi gari ba su da kowa sai Gwamnati. Hukumar da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a 1956 ƙarƙashin masanin harsuna Suniti Kumar Chatterji ta koka da halin da malaman ke ciki, ta ba da shawara a gyara makarantun, a shigar da darussan zamani cikin manhajarsu.

ABIN DA YA FARU A BIHAR

Domin fahimtar rigimar Bihar, wajibi ne a san yadda ake mulkin Jiha a Indiya. Akwai Babban Minista, wanda shi ke riƙe da ragamar Gwamnati da goyon bayan Majalisar Dokoki. Akwai kuma Gwamna, wanda Shugaban Ƙasa ke naɗawa. Sashe na 213 na tsarin mulki ya ba Gwamna ikon kafa dokar wucin-gadi in Majalisa ba ta zaune kuma wani abu na gaggawa ya taso. Sharaɗin shi ne a gabatar da dokar gaban Majalisa in ta dawo, kuma dokar ta mutu mako shida bayan dawowar, sai fa in Majalisa ta zartas da ita ta zama doka sosai.

Bihar ta daɗe da gano dabarar kauce wa wannan sharaɗi. Da dokar ta kusa mutuwa, sai a jira Majalisa ta tashi, a sake kafa ta sabuwa. Wani malamin tattalin arziki daga birnin Pune, D. C. Wadhwa, ya bi diddigi ya gano cewa tsakanin 1967 da 1981 Jihar ta yi haka da dokoki 256, wasu har shekara goma sha huɗu ana sabunta su. Ya kai ƙara, a watan Disamba na 1986 Kotun Ƙoli ta ce wannan ɗabi'a zamba ce ga tsarin mulki.

Shekara uku kacal bayan wannan gargaɗi, a watan Disamba na 1989, zamanin Babban Minista Jagannath Mishra, Gwamnan Bihar ya kafa dokar wucin-gadi wadda ta ce Gwamnati ta karɓi ragamar makarantun Sanskirit 429 daga hannun kwamitocinsu, tare da malamansu da sauran ma'aikata. Zaɓen Majalisar Jiha yana tafe cikin Fabrairu na 1990. Malamai suka yi murna, don a ganinsu sun haye: albashi kan kari, ƙarin girma, fansho bayan tsufa. Aka yi zaɓe, Gwamnati ta sauya, Lalu Prasad Yadav ya hau kujera a watan Maris. Sabuwar Gwamnati ba ta soke dokar ba, ba ta kuma kai ta Majalisa ba. Aka yi ta sabunta ta bi da bi, har ta ƙarshe ta faɗi a watan Afrilu na 1992, ba wanda ya sake ɗaga ta.

Nan fa malamai suka zama jemage, ba su ga tsuntsu ba su ga dabba. Suka garzaya Babbar Kotun Patna, a 1994 ta ƙi ba su matsayin dindindin da suke nema. Suka ɗaukaka ƙara. A 1998 alƙalai biyu na Kotun Ƙoli suka yarda a kan cewa sabunta dokar kuskure ne, amma suka saɓa a kan ko dokar farko ta riga ta ba malaman haƙƙin da ba ya gogewa. Aka miƙa maganar ga zama mafi girma, daga nan zuwa wani, har ta isa gaban alƙalai bakwai. Mai Shari'a D. Y. Chandrachud, wanda daga baya ya zama Babban Jojin ƙasar, shi ya rubuta hukuncin masu rinjaye. Ya ce gabatar da dokar wucin-gadi gaban Majalisa tilas ne, sabunta ta a kai a kai kuwa ƙwace ikon wakilan jama'a ne, saboda haka jerin dokokin nan ba su mai da malaman ma'aikatan Gwamnati ba. Rangwame ɗaya aka yi musu: ba za a ce su mayar da albashin da aka riga aka biya su a wancan lokaci ba.

Ɗaliban shari'a a Indiya suna karanta wannan hukunci a matsayin nasara ga Majalisa, kuma gaskiyarsu ne. Amma abin lura shi ne wanda ya yi laifin da wanda ya biya tara. Gwamnati ce ta taka tsarin mulki, Gwamnatoci biyu ma na jam'iyyu dabam dabam. Malamin ƙauye bai rubuta doka ba, bai hana a kai ta Majalisa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya gaskata takarda mai ɗauke da hatimin Gwamna. Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana, amma a nan wanda aka yi wa alkawarin shi ya ɗauki kayan shekara 27.

MALAMIN AJI ƊAYA A UTTAR PRADESH

Maƙwabciyar Bihar ta yamma, Uttar Pradesh, ita ce Jiha mafi yawan jama'a a Indiya, a cikinta kuma birnin Banaras yake, cibiyar karatun Sanskirit. Kwalejin nan ta Duncan ita ce ta zama jami'a a 1958, aka raɗa mata sunan Sampurnanand a 1974. Matakan karatun Sanskirit a can su ne Prathama, sai Madhyama wadda ta yi daidai da sakandare, sai Shastri da Acharya, watau digiri na farko da na biyu. Jami'ar ce ke shirya jarrabawar ƙananan matakai, kafin dokar 2000 ta kafa hukuma ta musamman domin makarantun Sanskirit na sakandare.

Wannan Jiha ta bi hanyar doka sosai. A 1971 Majalisarta ta zartas da dokar da ta ɗora wa Gwamnati biyan albashin malaman manyan makarantun sakandare masu karɓar gudummawa, a 1978 ta yi irinta domin ƙananan makarantun sakandare. Sai wata ɓaraka ta bayyana. Makarantu da yawa suna da azuzuwan firamare, daga ɗaya zuwa biyar, a harabar gida ɗaya, ƙarƙashin shugaba ɗaya da kwamiti ɗaya. Gwamnati ta ce ita dai malaman aji shida zuwa sama ta sani. Sai ga malamai biyu suna shan ruwa a randa ɗaya, ɗaya yana karɓar cikakken albashi daga baitulmali, ɗaya kuwa yana jiran ɗan abin da kwamiti ya iya tarawa daga iyayen yara.

Kotun Ƙoli ta duba wannan a 1998 ta goyi bayan malaman firamare. Gwamnatin Jiha ba ta haƙura ba, har aka kai ga zaman alƙalai biyar ƙarƙashin Babban Joji R. M. Lodha, waɗanda a watan Satumba na 2014 suka tabbatar da cewa in makaranta ɗaya ce mai azuzuwan firamare a cikinta, dokar 1978 ta haɗa da malamansu. Wannan hukunci a kan makarantun gudummawa na gama-gari ya sauka. Amma hujjar da ke cikinsa ba ta san bambancin harshe ba. Yaron da ke koyon baƙaƙe da ƙidaya a sashen firamare na makarantar Sanskirit ɗan ƙasa ne kamar kowane yaro, kuma malaminsa aikin da tsarin mulki ya ɗora wa Gwamnati yake yi mata.

Tsarin mulkin kuwa bai bar shakka ba. Sashe na 45 ya yi alkawari tun 1950 cewa cikin shekara goma za a ba kowane yaro ilmi kyauta kuma tilas har ya kai shekara 14. Ba a cika ba. A 1993 Kotun Ƙoli ta ce ilmin yara haƙƙi ne da za a iya nema a kotu. A 2002 aka yi wa tsarin mulki gyara na 86, aka ƙara sashe na 21A domin yara daga shekara 6 zuwa 14, dokar aiwatar da shi ta 2009 ta fara aiki ran 1 ga Afrilu 2010. Abin mamaki ke nan: matakin da tsarin mulki ya fi ƙarfafawa shi ne wanda malaminsa ya fi shan wuya wajen neman haƙƙinsa. Malamin jami'a yana da ƙungiya mai murya, yana da abokai a ofisoshi. Malamin aji ɗaya ba shi da kowa sai alli da allo.

HUJJOJIN ƊAYA ƁANGAREN

Adalci ya wajabta a saurari masu cewa kada a biya, domin ba dukkan maganarsu ce banza ba.

Hujja ta farko ta addini ce. Indiya ƙasa ce da tsarin mulkinta ya raba hukuma da addini, sashe na 28 kuwa ya hana koyar da addini a makarantar da Gwamnati ke ɗauke da dukkan nauyinta, ya kuma hana tilasta wa yaro darasin addini a makarantar da ke karɓar gudummawa. Masu wannan ra'ayi suna ganin Sanskirit da ibadar Hindu hanta da jini ne. Jihar Assam ta bi wannan hanya: a ƙarshen 2020 ta yanke shawarar mai da madarasun Gwamnati makarantun boko, ta kuma mai da makarantun tol kusan ɗari cibiyoyin nazari ƙarƙashin wata jami'a. Amsar ita ce doka da kanta ta riga ta raba biyu. Gyaran da aka yi wa dokar ilmi a 2012 ya ware madarasu da makarantun haddar Veda da duk waɗanda babban aikinsu koyar da addini ne. Makarantar da ke koyar da nahawu da lissafi da Hindi da kimiyya, tana bin manhajar hukuma tana zama jarrabawar hukuma, wani abu ne dabam. A 1994 ma Kotun Ƙoli ta ce koyar da Sanskirit a matsayin darasin zaɓi bai saɓa wa raba hukuma da addini ba. Bihar kuwa a shekara ɗaya, 1981, ta yi dokar hukumar makarantun Sanskirit da ta hukumar madarasu, tana tallafa wa duka biyun.

Hujja ta biyu ta tarihi ce. Ƙarni bayan ƙarni, karatun Sanskirit yana hannun 'yan gidan Brahmin, an tsare ƙofarsa ga na ƙasa. Jikokin waɗanda aka hana suna tambaya, don me harajinsu zai raya abin da aka hana kakanninsu? Tambaya ce mai nauyi. Sai dai kuɗin Gwamnati su ne makamin buɗe ƙofar, domin sashe na 29 ya hana duk makarantar da ke karɓar gudummawa ta ƙi yaro saboda addini ko asali ko harshe. In aka janye kuɗin, harshen zai koma inda ya fito, hannun waɗanda suka gāje shi da waɗanda ke da halin biya.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi, watau ta amana. Duk inda aka ce Gwamnati za ta biya albashin wanda ba ita ta ɗauka ba, to, ƙofar cuta a buɗe take. Shugaban kwamiti zai iya jera sunayen 'yan'uwansa a matsayin malamai, rajista ta cika da sunayen yaran da ba a taɓa gani ba, makaranta ta wanzu a takarda kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baitulmali kuwa na kowa ne, kuma Bihar tana cikin Jihohin da suka fi talauci, makarantun Gwamnati na kanta ma suna kukan rashin malamai.

INDA GASKIYA TA TSAYA

Wannan hujja ta uku dalili ce na sa ido, ba ta isa ta zama dalilin hana albashi ba. Tun a takardar Wood ta 1854 gudummawa da bincike tare suke tafiya. Gwamnati tana da ikon ta ƙayyade takardun da malami zai mallaka, da yawan yaran da za su halatta kujerar malami ɗaya, ta sa wakilinta cikin masu ɗaukar aiki, ta tura masu duba makarantu ba tare da sanarwa ba, ta zuba albashi kai tsaye cikin asusun malami a banki don kada ya bi ta hannun kwamiti. Makarantar da ta kāsa, a janye mata amincewa a fili, a mai da yaranta wata. Makarantar da ta cika sharuɗɗa, a biya malamanta tun daga aji ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, wannan ya hau kan malami, ya hau kan kwamiti, ya kuma hau kan Gwamnati wadda ke lissafa yaran makarantun nan cikin alƙalumanta na ilmin tilas.

Abin da ba shi da mazauni shi ne tsakiyar hanya, inda hukuma ke ba makaranta takardar amincewa, ta tsara mata manhaja, ta shirya mata jarrabawa, sa'an nan in aka zo maganar kuɗi ta ce ba ta san malamin ba. Hanyar Assam tana da masu suka da yawa, amma ko ba komai malami ya san matsayinsa. Hanyar Uttar Pradesh ta sha jan ƙafa, amma da yake akwai doka da Majalisa ta zartas, kotu ta sami abin kamawa ta ƙwato wa malaman firamare haƙƙinsu. Hanyar Bihar ta 1989 ita ce mafi muni, domin an yi kyauta da hannun dama ba tare da doka ko tanadin kuɗi ba, aka bar kotu ta karɓe da hannun hagu.

A 2020 Majalisar Tarayya ta Indiya ta ɗaga cibiyoyin Sanskirit guda uku zuwa matsayin jami'o'in Tarayya, ciki har da wadda aka kafa a Delhi a 1970. Abu ne mai kyau. Amma jami'a ba ta ƙera ɗalibi, karɓarsa take yi daga ƙasa. Wanda zai zama Acharya gobe, yau yana zaune a tabarma gaban wani malami a ƙauyen Mithila ko bayan garin Banaras yana maimaita baƙaƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai tanƙwarawar kuwa yana da iyali, yana da haya, yana da tsufa a gabansa. Duk Gwamnatin da ke son a san ta da girmama ilmin kakanni, a Indiya ko a wata ƙasa, hanya ɗaya ce ta gane gaskiyarta: a buɗe kasafin kuɗinta a duba ko akwai layin albashin wannan malami, a kuma duba ko Majalisa ta sa masa hannu.